Baba Mudi, Mai Shelar Tsohon Garin Maska

Da hantsi, in rana ta fara taɓa rumfunan tsohuwar kasuwar Maska, Baba Mudi yakan fito daga lungunsu yana dogara sanda, da tabarma a hammata. Yakan tsaya wajen Ladidi mai koko ta zuba masa mai zafi saboda maƙogwaro. Daga nan sai ya shimfiɗa tabarmar a rumfar da ake awon auduga a da, ya zauna yana kallon 'yan acaɓa suna kwasar mutane zuwa Funtuwa. In mai wucewa ya gaishe shi, hannu yake ɗagawa. Abin da ya rage masa na murya bai wuce raɗa ba.

Baƙo ba zai yarda ba in an ce masa wannan tsohon shi ne mai shelar unguwannin cikin gari tun yana saurayi. Wajen mahaifinsa ya gaji aikin. Rasuwa, suna, ɗaurin aure, ɓatan akuya, zuwan masu rigakafi, ranar rabon taki, duk daga bakinsa aka saba ji. Ba albashi, sai ɗan abin da mai unguwa ko mai biki ya miƙa masa. Da gonar masara ya riƙe gidansa.

Shelar Baba Mudi ba irin ta kowa ba ce. In an yi rasuwa, ba ya faɗin suna da lokacin jana'iza kawai ya wuce. Sai ya tsaya a mararraba, ya dafa kunne, ya ce:

"Jama'a, mai unguwa yana gaishe ku! Bayan gaisuwa, Allah ya yi wa Hajiya Suwaiba rasuwa, 'yar Malam Isah marini na Bakin Karofi, matar marigayi Buba wanda ya haƙa rijiyar masallaci, uwar su Mahadi da ke Zariya!"

Masu sauri sukan ce, "Haba Baba Mudi, taƙaita mana."

Shi kuma ya ce, "In na taƙaita, ta ina za ku san wa kuka rasa?"

Karofin da yake faɗa tuni aka cike ramukansa, masu gyaran babur ne a wurin. Yawancin matasan da ke zama can daga bakinsa suka ji cewa kakanninsu sun yi rini a ƙarƙashin ƙafafunsu. Haka ya riƙe sunayen wurare da na gidaje, yana maimaita su a kowace shela, har wanda bai yi niyyar koya ba ya haddace.

Sai dai garin da yake wa shela yana ta raguwa a idonsa. Duk wanda Allah ya buɗa wa sai ya gina bulo a bakin titi, ko ya koma Funtuwa ko Kaduna, ya sa wa gidan ubansa kwaɗo. Damina ta zo ta ci katanga, ba mai yaɓe. Ladidi ta ce ta sha ganinsa ya tsaya a lungu yana ƙwala shela alhali ƙofofi biyu ne kawai ke buɗe a layin. Wata shekara ya yi shelar gayyar yashe magudanar ruwa har ya gaji, ranar aikin ya iske kansa shi da tsofaffi 'yan'uwansa. Ya naɗe wando ya shiga. Ko ɗansa Kabiru, direba a Kaduna, da aka yi masa maganar gadon aikin dariya ya yi, ya ce, "Baba, waya ta riga ta karɓe."

Abin da ya sa ake wannan rubutu ya faru ne a wata damina ta 'yan shekarun nan. 'Yan bindiga suka tashi wasu ƙauyuka can bayan Ɗandume. Mutane suka shigo Maska a ƙafa da bayan motocin kaya, yawancinsu mata da yara da tsofaffi, suka zube a rumfunan kasuwa, ruwa na dukansu ta gefe. Mai unguwa ya kira Baba Mudi ya ce ya yi shela, duk mai ɗakin da ba kowa ya taimaka. Ya zaga gari ya yi, ya sake yi. An kawo tuwo, an kawo tsofaffin zannuwa, amma ɗaki sai ɗaiɗai. Ba rowa ba ce kaɗai. Tsoro ne. Ana ta raɗe-raɗin cewa a irin wannan ayari ake sako masu kai wa 'yan bindiga labari.

Baba Mudi ya san kowane gida da ke kulle, ya san wanda makullin ke hannunsa. Sai ya hau acaɓa zuwa Funtuwa, ya bi su shago-shago. Wasu suka ce makullin na wajen yayansu. Wasu suka ce sai an yi shawara. Daga ƙarshe ya isa wajen Alhaji Almustapha mai sayar da hatsi, magajin Gidan Masaƙa, gida mafi girma a lungun, wanda ya daɗe a rufe.

Alhaji ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Baba, wallahi ina tausayinsu. Amma ban san su ba. In wani abu ya faru, ni za a kama, gidan ubana za a ambata."

Baba Mudi ya ce, "Gaskiyarka, Alhaji. Ni ma ban san su ba."

"To, ka gani."

"Ba ni makullin. Zan kwaso shimfiɗata in koma zauren. Duk mai shiga da fita ta kaina zai bi. In an zo kamu, ni za a fara tararwa."

Alhaji ya ce, "Da tsufanka, Baba? Zauren nan yoyo yake."

"Rumfar kasuwa ma yoyo take, kuma akwai mai ciki a cikinsu."

Da makullin a hannunsa ya dawo Maska, ya buɗe wa baƙin gidan. Matarsa Hansai ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce mutum da ɗakinsa ya koma gadi a zauren wasu. Da ta ga ba zai fasa ba, ita ta riƙa kai masa abinci. Ya cinye daminar nan a zaure mai laima, yana jawo tabarma daga wannan kusurwa zuwa waccan in ruwa ya sauko. Wasu da ya yi wa shelar aurensu suka daina gaishe shi, suna cewa ya jawo wa gari abin da ba a sani ba. Ya ci gaba da kwana a zauren. Can tari ya kama shi, ya ƙi sakinsa.

Mai cikin nan sunanta Amatullahi. An kashe mijinta a gona ranar da aka tashi ƙauyensu. A Gidan Masaƙa ta haifi 'ya mace. Da suna ya matso, ta leƙo zaure ta ce, "Baba, kada ka wahalar da kanka da shela. Mu ba 'yan garin nan ba ne. Gidan wa za ka ce?"

Ya ce, "Gidan da aka haife ta, 'yata."

Ya fita da tarinsa ya tsaya a mararraba. "Jama'a, mai unguwa yana gaishe ku! An samu ƙaruwa a Gidan Masaƙa!" Ya faɗi sunan uwar, ya faɗi sunan marigayin da na ƙauyensu, kamar yadda yake wa kowane ɗan gari. Kafin ya kai mararraba ta gaba muryar ta dushe. Sai ya bi gida-gida yana sallama yana faɗa a hankali. Ba kowa ya zo sunan ba, amma an zo. Matan lungun suka shiga da sabulu da atamfa, Ladidi ta dama koko tukunya guda. Daga ranar aka fara kiran Amatullahi da Maman Fiddausi ta Gidan Masaƙa.

Muryar ba ta dawo ba. Likita a Funtuwa ya ce maƙogwaron ya gaji, a bar shi ya huta. Yanzu lasifikar masallaci da waya ke kai labari, suna da lokaci kawai, shi ke nan.

Baba Mudi, kai ne ka riƙa kiran gidajenmu da sunayensu bayan mu masu su mun watse. Kai ne ka kwanta a ƙofar mutanen da ba ka sani ba don su samu barci. Mudi na Hansai, mai tara gari, ba mu biya ka ba, kuma mun sani.

Kwanan baya aka tambaye shi me yake so a yi masa, tunda ya ajiye aiki. Ya kurɓi koko, sannan ya ce, "Ni dai na gaji. Amma azarar zauren can ta fara ruɓewa, kuma har yau mutane na ciki. A duba kafin ruwa."

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da mafificin alheri. Mu kuma 'yan Maska da ke Funtuwa da Zariya da Kaduna, kowa ya laluba aljihunsa. Da yawanmu akwai makullin gidan uba a ciki, ga shi kuma hadari ya fara haɗuwa.