Malamin da Ya Kwance Injin Babana Ranar Dashe

Na daɗe ina son rubuta wannan labari ina fasawa. In na fara sai in ce kada in faɗi abin da ba haka ya faru ba, ko in taɓa mutuncin mahaifina da ke ƙasa, Allah ya jiƙansa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni mutum ne da kan kulle shago ya kai gida ya dawo ya sake taɓa kwaɗon. To amma kwanan baya a wani zaman gaisuwa na ji ana ba da labarin nan a karkace ana dariya, na dawo gida na kasa cin tuwo. Shi ya sa yau zan faɗe shi yadda na gan shi.

Shekarun baya, ba a daɗe da yanke Kebbi daga Sakkwato ba, injinan ban ruwa suka fara yawa a fadamunmu. Kowa na son inji, amma in ya lalace sai a rasa mai taɓa shi. Sai aka buɗe wani wurin koyon sana'a a Jega, har da ajin gyaran inji. Ni daga ƙauyenmu na wajen Kashin Zama nake zuwa a keke. A lokacin an sa ranar aurena bayan an cire albasa, domin albasar gonarmu ta shekarar ce za ta yi hidimar.

Malaminmu wani siririn mutum ne da ban taɓa ganin rigarsa babu baƙin mai ba. Ba ya zama. Yana shigowa zai ɗora inji a tebur ya ce, "Injiniyoyi, ku zo ku ga ikon Allah!" Alhali fulogi ne kawai zai nuna mana. In inji ya tashi sai ya yi kabbara kamar an yi masa haihuwa. 'Yan ajin kafinta har taga suke leƙowa, wasu ma suka dawo ajinmu ɗungurungum.

Ni kuwa tsoro ya hana ni taɓa komai. Sai in riƙe sifana in tsaya ina duban noti, ina tunanin in ya karye me zan ce. Wata rana ya lura, ya zo ya tsaya a kaina.

"Injiniya, gaisawa kuke yi da shi?"

"Malam, tsoro nake kada in ɓata."

"Ɓata shi mana! In ba ka ɓata ba, mi za mu gyara? Kana so mu zauna banza?"

Aka yi mini dariya, ni ma na yi, na murɗa notin. Daga ranar na fara kwana ina ɗokin gari ya waye.

Da lokacin dashen albasa ya zo, aji ya fara raguwa. Haka ake yi a wurinmu, dashe ba ya jiran kowa, kowane uba zai kira ɗansa gona. Malam ya ce tunda ba za mu iya zuwa aji ba, aji zai zo mana. Ya ɗaure kayan aiki a bayan keke, yau yana fadamar Jandutsi, gobe Sabiyal, waɗanda suka samu sarari suna biye da shi.

Ranar da ya zo gonarmu mun gama dashe ke nan. Injinmu na haɗin gwiwa ne tsakanin mahaifina da ƙaninsa, ana yin karɓa-karɓa, kuma ranar tamu ce. Injin yana ta tari, ruwa na fita kaɗan-kaɗan. Malam na jin ƙarar idonsa ya kawo haske.

"Baba, wanga inji na kuka. A bar mu mu duba shi."

Mahaifina ya ce, "Ku duba, Malam, amma ku yi maza. Dashen ga bai sha ba."

Ya tafi sallar azahar. A nan aka samu matsala. Malam ya san inji ciki da waje, amma bai taɓa noma albasa ba. Bai san cewa dashen da bai sha ruwa ba ran da aka dasa shi ba ya yafewa. Shi a wurinsa ga inji mai ciwo, ga ɗalibai, ai darasi ya samu. Ya shimfiɗa buhu, aka kwance injin kaf, yana ɗaga kowane ƙarfe yana yi mana bayani. Da aka zo kan wata 'yar roba da ke tsare ruwa, sai ta ruguje a hannunsa, dama ta gama cinyewa. Ba a sayar da ita a Jega, balle Aliero. Sai Sakkwato.

Mahaifina ya dawo ya tarar da injinsa baje a kan buhu. Sannan ya ce, "Malam, duba nac ce, ban ce a yanka ba."

"Na yi kuskure, Baba."

"Kuskurenka albasa za ta sha? Auren wanga yaro na cikin fangalin albasar ga da kake takawa."

Malam ya tuɓe riga, ya ɗauki guga ya nufi rijiya. Ɗalibai suka dubi juna, suka bi shi. Aka tayar da tsohon jigon ɗiban ruwa da muka yar tun zuwan inji, wasu da bokiti, wasu da ƙwarya. Ko a nan bai daina koyarwa ba. Yana jan guga yana haki yana cewa, "Kun ga yadda nake jawo shi? Haka farfelar cikin inji take yi, sai dai ita ba ta da ciwon baya!"

Da safe ya hau mota zuwa Sakkwato neman robar. Abin da masu dariya ba sa faɗa shi ne, ɗaliban nan sun dawo gonarmu babu wanda ya kira su. Yaran mutane daga ƙauyuka daban-daban, kowa da aikin gidansu, suka zo suka ja ruwa har hannuwansu suka yi kanta. Duk da haka fangalan da ke nesa da rijiya suka ƙone. Kusan rabin gonar ya tafi.

Mahaifina ya kira ni ya ce, "Ka gama da makarantar ga."

Ban taɓa mayar masa da magana ba a rayuwata. Amma na ji bakina ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, zan koma."

Ya dube ni kamar bai san ni ba. "Mi kac ce?"

"Zan koma, Baba. Ko duka za ka yi, ka yi, amma zan koma." Ban janye ba.

Da Malam ya dawo da robar, sai ya ƙi taɓa injin. Ya miƙo mini sifana a gaban mahaifina ya ce ni zan haɗa. Na roƙe shi da ido, ya kau da kai. Na haɗa shi ina gumi, kowane noti sai na sake dubawa, har wani abokina ya ce in ban yi sauri ba sai an ci kasuwar albasar baɗi. Na ja igiya, injin ya tashi, ruwa ya cika tiyo ya fito da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Malam ya yi tsalle yana kabbara, ya zame ya faɗa cikin fangali. Mahaifina ya juya baya, na ga kafaɗarsa na motsi. Da ya juyo ya ce, "Ka koma. Amma wanga malami naku kar ya sake taka mini gona."

An ɗaga aurena shekara guda. Kuma maganar ta kai ga masu kula da makarantar, aka ce Malam ya fitar da aji ba izini ya jawo wa manomi asara, aka sallame shi. Wanda aka kawo a madadinsa ba mugu ba ne, kuma ya san aiki. Amma zai zo ya rubuta a allo, ya kulle kayan aiki a akwati kada su ɓata, ya zauna yana duban agogo. Ba a yi nisa ba aji ya watse, babu dashe babu komai. Ni na zauna har ƙarshe, don tsoron kada mahaifina ya ce dama ya faɗa.

Yanzu ga abin da nake son masu dariya su ji. Kuna cewa mahaukacin malami ya kashe albasar mutane. Albasarmu ce, ba taku ba. Aurena aka ɗaga, ba naku ba. In akwai mai ikon jin haushinsa a duniya, ni ne, kuma ban ji ba, ba zan ji ba. Ya yi kuskure, ya faɗa da bakinsa, ya ja guga a kai. Ku zagaya daga Jega zuwa Aliero ku tambayi dattawan masu gyaran inji wa ya fara sa musu sifana a hannu. Mutumin da bai damu da aikinsa ba ba ya ƙona gonar kowa, gaskiya ne, amma kuma ba ya barin ɗalibi ko ɗaya a bayansa. Ni na zaɓi malaminmu na farko, kuma da za a maimaita, injinmu zan sake miƙa masa.

Ban rubuta sunansa ba domin ban nemi izininsa ba. Labarin ƙarshe da na samu, an gan shi wajen Maiyama yana gyaran injin niƙa. Yana da tsagaggen farce a babban yatsan hagu, kuma yana jin Zabarmanci. Don Allah duk wanda ya san inda yake, ko inda 'ya'yansa suke, ya sanar da ni. In yana raye zan je da ƙafata. In kuma ya riga mu gidan gaskiya, a nuna mini ƙofar gidansa, domin akwai ta'aziyyar da ban yi ba.