Rumfar da Na Sa Ya Bari

Ni na sa mijina ya bar rumfarsa ta kasuwar Bakori, kuma har yau bai taɓa goranta mini ba.

Dillalin hatsi ne lokacin da ya aure ni. Manomi zai sauke buhu, shi kuma ya zura hannu can ciki, ya ɗebo ƙwayar masara ya ciza, ya faɗi ko ta bushe. Mutane sun yarda da haƙorinsa. Ni kuwa littattafan soyayya sun cika mini kai. A cikinsu miji yakan dawo daga ofis yana ƙamshin turare, nawa kuwa da ƙaiƙayi a gemu yake shigowa.

Da aka buɗe kamfanin niƙa masara a hanyar Funtuwa, na ga ma'aikatansa a kan babura da riguna iri ɗaya, sai zuciyata ta bi su. Kullum ina zuba masa tuwo ina yi masa waƙar albashi.

Ya ce, "Gimbiyar littafi, a shafi na nawa aka ce in bar kasuwa?"

Na ce, "Malam, ka gwada mana. Kai ma ka isa a kira ka ma'aikaci."

Ya gwada. Ya bar wa wani abokin sana'arsa rumfar, aka ajiye shi a ƙofar kamfani yana soka wa buhuna na'urar auna danshi. Ban san daga kaka zuwa ƙarewar masara kawai injin ke juyawa ba. Bayan wata huɗu aka sallame su, aka ce sai baɗi.

Da ya koma kasuwa, manoman da ya saba da su sun koyi kai amfaninsu kamfani kai tsaye. Wasu ma shi ya nuna musu hanya. Ban ga laifinsu ba, farashin can ya ɗan fi. Ƙanena ma da kuɗin masarar da ya kai can ya yi rufin kwano. Abokin da mijina ya bar wa rumfar ya ba shi haƙuri, ya ce cinikin da ya rage ba zai ci da gida biyu ba.

Shekara uku ke nan. Ranar kasuwa yakan je ya ɗinka bakin buhu a rumfar wasu, ya dawo ba ya son hira.

Bana da kamfani ya aiko kira, ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "In je?"

Na daɗe ina juya miya kafin na ce, "Je ka, Malam." Ba ni da wani wurin da zan ce ya je.