Bindigar Bahago

Galen Stroup mijin yayata Arlene ne. Ni, Dewey, ƙanin matarsa ne, don haka tun ranar da aka ɗaura musu aure a cocinmu ban taɓa raga masa ba, shi ma bai raga mini ba. Ƙato ne mai wuya kamar na bijimi, kuma a wurin fasa dutsen da ke bayan garinmu ya ƙare ƙuruciyarsa. A tsaunukanmu na Pennsylvania mutum ko ya yi noma, ko katako, ko dutse. Shi dutse ya kama, dutsen kuwa ya koya masa hali guda: abin da ya ƙi shiga, a ƙara masa guduma. Ƙofa in ta cije, kafaɗa yake sa mata. Murfin kwalba in ya yi gardama, sai dai Arlene ta ɗauko tsintsiya.

Saura kaɗan ya ajiye aiki wani ɓarɓashin dutse ya yi tsalle ya same shi a idon dama. Likitoci suka yi iya yinsu, idon bai dawo ba. Da ya baro asibiti bai yi ƙorafi ba, har barkwanci yake yi wai yanzu rabin munina kawai zai riƙa gani. Sai da lokacin farautar barewa ya zo muka gane inda abin ya taɓa shi. Da idon dama yake saiti tun yana yaro. Ranar da aka buɗe farauta, gari ya watse zuwa daji, shi kuwa yana zaune bakin taga da kofin kofi har ya huce.

Farautar da ya fi so ita ce ta bayan Kirsimeti, wadda ba a yarda a fita da komai ba sai adaka irin ta kakanni, mai ɗuri ta baki, wadda dutsen ƙyastu ke tayar wa albarushi. Mutane kaɗan ne ke fita, ga dusar ƙanƙara tana nuna sawu. Wata rana ya karɓi tawa ya ɗora a kafaɗar hagu don ya gwada. Yana jan kunamar bindigar tartsatsin ya watso ta gaban fuskarsa, domin bindigar badame ƙyastunta a dama yake. Arlene na tsaye a bakin ƙofa.

"Ido ɗaya ya rage maka," in ji ta. "Ka ƙona shi, ka ga wanda zai riƙa ja maka sanda. Ba ni ba dai."

"To, sai in zauna in koyi saƙa?"

"Ka nemi ta bahago mana. Ko ba a yin ta?"

Ana yi, amma samunta sai an sha wuya. Shi ya sa ya yanke shawarar ya haɗa tasa. Ya aika aka kawo masa bututun bindiga, da ƙyastun hagu, da 'yan tagullan da ake ƙawata ƙota. Itace kuwa bai saya ba. Akwai wata bishiyar maple a ƙofar gidan mahaifinsa da guguwa ta kayar shekarun baya. Galen ya sa an tsaga ta, katako ɗaya mai kyau ya rage a saman rumbu yana bushewa. Shi ya kai wa wani kafinta ya fitar masa da siffar ƙota, ya ratsa masa kwarin da bututu zai kwanta. Kafintan da gangan ya bar kwarin a matse, don mai bindiga ne ke ƙarasa wannan da hannunsa.

Ranar da na je ganin kayan, na tarar da shi a kan teburin cin abinci yana danna bututu da tafin hannu, bututun ya tsaya a rabi. Ya miƙe ya nufi akwatin kayan aiki.

"Galen," in ji Arlene, ba ta ko juyo daga murhu ba, "teburin nan na uwata ne. Gudumar da ta sauka a kansa, a kanka za ta ƙare."

"Ta roba ce fa, tsohuwa."

"Ko ta auduga ce."

Na ce, "Yaya, ki bar shi. Mutumin da ya gyara agogon bango da guduma ai gwani ne."

"Kai kuma wa ya gayyato ka?" in ji Galen. "Ƙanshin miya ya jawo ka, ci ka tafi."

Ba wai bai san yadda ake yi ba. Kowa a nan ya taɓa ganin wani tsoho na yi. A kara ƙarfen a kan harshen kyandir har ya yi baƙi, a kwantar da shi a hankali, a ɗaga. Duk inda baƙin ya shafi itace, nan ne ya matse, sai a kankare ɗan kaɗan, a sake gwadawa. Aiki ne na wanda ba ya sauri. Galen ya daure ya yi haka duk tsawon sanyin nan, kusa da murhun itace. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, mai ido ɗaya ba ya gane zurfi. Wuƙar sassaƙar wani lokaci iska take yanka, wani lokaci ta nutse fiye da kima. Ni na lura da yadda yake zuba kofi a gefen kofin, amma na ɗauka rawar hannu ce.

Da bazara ta shigo bututun ya kwanta, cif, ko takarda ba za ta ratsa ba. Ya zagaya da shi gida gida yana nunawa. Daga nan aikin lambu da yankan ciyawa suka taso, ya jingine shi a ɗakin da ke ƙarƙashin gida.

Watan Agusta a wurinmu iska kanta a jiƙe take. Ranar wata Asabar ya kira ni in riƙe masa, zai cire bututun ya fara sassaƙa gurbin ƙyastu. Itacen ya sha danshi ya kumbura, ya rungume ƙarfen ya ƙi saki. Ya ja, na ja. Ya kifa shi ya bubbuga da hannu, shiru.

Na ce, "Mu bar shi tukuna, Galen."

"Ni ƙarfe zai yi wa taurin kai?"

Ya kama bindigar ta baki ya buga gindin a gefen benci. Na farko ba abin da ya faru. A na biyu muka ji ƙas. Ƙotar ta tsage a wuya, daidai inda hannu ke kamawa, tsagar ta bi jijiyar itacen ta yi tsawon tafin hannu.

Bai zagi kowa ba. Ya daɗe yana kallonta, ya juya kai don idon mai gani ya duba da kyau. Sannan ya haura sama, ya jefa ta kan tulin itacen wuta, ya fita baranda ya zauna. Na bi shi na zauna kusa da shi.

"Babu wani katakon," in ji shi can. "A ƙarƙashin bishiyar nan Baba ke aske mana kai. Na adana ta shekara da shekaru, na zo na kashe ta da hannuna." Ya goge fuska da hula. "Dewey, ba na ganin inda wuƙar take. Tun farko ba na gani. Lalube kawai nake yi."

Arlene na jin mu ta taga. Ba ta fito ba. Washegari dai babu ƙotar a kan tulin itace, shi kuma bai tambaya ba.

Yayata ta yi shekara talatin tana ɗinki a masana'antar riguna kafin a rufe ta, kuma ba ta yarda akwai abin da ya yage har ya wuce gyara. Ta naɗe bindigar da tsohon bargo ta tura bayan kabad. Da sanyi ya dawo aka hura murhu, ta matso da ita kusa, ba dab da wuta ba. Ta ce aljihun teburinta ma haka yake, ya cije da zafi, ya saki da sanyi. Bayan 'yan makonni ta kira ni. Muka kifa ta a kan gado, na ɗan taɓa, bututun ya zame ya faɗo kan katifa da kansa. Muka buɗe tsagar muka ɗura gam, muka ɗaure tam da igiyar roba.

Da ya bushe ta ɗora ta a kan tebur gaban Galen, tare da kyandir da allin tela.

"Wannan gawar fa?" in ji shi.

"Ba ta mutu ba, suma ta yi. Zauna. Hannu naka, ido nawa."

"Ke me kika sani game da bindiga?"

"Ban san komai ba. Amma na san hannun riga in ya ƙi zama a kafaɗa, ba a dukansa."

Haka suka yi aikin, kullum bayan karin kumallo, lokacin da haske ke shigowa ta tagar gabas. Shi ya shafa baƙi ya danna ƙarfe ya ɗaga, ita ta sunkuya da tabarau a kan hanci ta zagaye wurin da alli. Ta kan kafa farcenta daidai inda wuƙa za ta tsaya. Tsoron kada ya yanke ta ya sa hannun nan da ya saba da dutse ya koyi tafiya a hankali. Faɗa kuwa ba a fasa ba. In ka shigo daga waje sai ka ji:

"Kaɗan na ce! Kankara, ba sara ba!"

"Ai ban taɓa ba ma."

"To wannan ɓawon daga sama ya faɗo?"

Gurbin ƙyastu ya fi ba su wahala, don lungu ne da shi kamar kunne. Sau da yawa ƙarfen zai shiga, amma ya ƙi motsi saboda itace ya taɓa shi ta ciki, a inda ba a gani sai an bi sawun baƙin. Ranar da ya zauna daidai, kunama ta ɗana ta sauka ba tare da cijewa ba, Galen ya yi ta ɗanawa yana saukewa har Arlene ta ce zai ƙarar mata da kunne. Wuyan da ya tsage kuwa ita ta naɗe shi da zaren tagulla, layi kusa da layi. Sai ya zama kamar ado. Kafin a zuba mata albarushi ta tilasta shi ya kai wa maƙerin bindiga a garin gaba ya duba. Mutumin ya jujjuya ta, ya ce ba ta da kyan gani sosai, amma lafiyarta ƙalau.

Shekarar farko bai sami komai ba. Yana jan kunama yake runtse idon, tsoro bai sake shi ba ko da tabarau. Ta biyu ya harbi wata bishiya da ba ta yi masa laifin komai ba, na kuwa yi shekara ina tambayarsa ko a dafa ta ko a soya. A ta uku, da hantsi, ina can gefen rafi na ji ƙararta, mai kauri, ba irin ta sauran ba. Na haura na same shi tsaye cikin hayaƙi, ga barewa kwance a gindin wani dutse.

Na zaro igiya zan ɗaura mu ja. Ya riƙe hannuna.

"Kada ka taɓa. Je ka ɗauko yayarka."

"Cikin wannan sanyin? Ai za ta gan ta a gida."

"A nan nake so ta gani."

Na koma da mota na ɗauko ta. Ta sa takalmansa na roba, ta hau tudun tana haki tana zaginmu mu biyu. Da ta iso ta tsaya kan barewar, ta dube ta, ta dube shi. Hancinta ya yi ja, idonta ya kawo ruwa, ta ce iska ce.

"Wannan 'yar mitsitsiyar ka sa na hau dutse dominta?"

"Ita ta zo."

"To ai shi ke nan. Ba ni bindigar in riƙe, ku ja."

Bana Galen ya cika tamanin. Gwiwoyinsa sun gaji, tudun da muke hawa a da yanzu sai mun huta sau da yawa. Ni ke saɓa masa bindigar har mu kai kututturen da yake zama, in kuma sauko da ita da yamma. Ni badame ne, ba ta da amfani a hannuna, abin da yake tuna mini ke nan kullum.

"Ɗauke ta da ladabi," ya kan ce. "Kai dai jaki ne, ba maharbi ba."