Shekarar da Kawu Ya Shafe Lambu da Siminti

Kawu yayan mahaifiyata ne. Gyaran famfo ya yi duk rayuwarsa a hukumar ruwa, shi ya sa har ya tsufa in ya shiga gidan mutane ya ji famfo na ɗiga, ba ya zama sai ya nemi sifana. Ba shi da yawan magana, ga son tsari. Kayan aikinsa kowanne da ƙusar da ake rataye shi.

Gidan da ya gina a bakin gari yana da fili ta baya, filin nan kuwa na matarsa ne, wadda muke kira Inna. Ta dasa gwaiba da lemun tsami, ta yi kunyoyin tumatir da barkono, ta jera furanni a tsofaffin bokitan fenti. Da yamma takan zauna a gindin gwaibar tana tsintar shinkafa, ƙadangaru suna saukowa daga katanga suna jiran abin da za ta watsa musu. Akwai wani ƙato mai jan kai da ta sa wa suna Alƙali, don ba ya cin komai sai ya gama gyaɗa kai kamar mai sauraron ƙara.

"Malam, ga abokinka ya iso," takan ce wa Kawu.

"Abokinki dai. Ni me ya haɗa ni da mai kwana a rami?"

Aikin Kawu a filin guda ne, yankan ciyawa. Da zarar zafi ya tsananta ruwan farko ya sauka, duk Asabar zai fito da lauje ya bi ta kaf, har lungun bayan tanki. Yakan ce ciyawar da ta rufe idon sawu ta zama ɗakin maciji.

Shekarar da ya yi ritaya ciwon baya ya kwantar da shi. Inna ta ce a nemo wanda zai yanke ciyawar, ya ƙi, wai baƙon hannu zai sare mata tumatir, shi kuma jibi zai miƙe. Jibin ya yi ta ja har ciyawa ta kai gwiwa. Ana cikin haka babbar 'yarsa ta kawo yaranta hutu. Wata rana da hantsi ƙaramarsu ta ruga ɗauko gwaibar da ta faɗo, sai aka ji ihunta. Maciji ne ya sare ta a ƙafa.

Allah ya sa da sauran kwana. An kai ta asibiti da wuri, ƙafar ta kumbura sosai, daga baya ta sace. Amma a barandar asibitin uwar yarinyar ta dubi Kawu da jajayen idanu ta ce, "Baba, da ka bari an yanke ciyawar nan." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta kuma ba shi haƙuri washegari. Shi dai maganar ta riga ta shige shi.

Bayansa bai gama warkewa ba ya fita filin. Ya yanke ciyawa, ya tuge tumatir da barkono, ya kife bokitan furanni. Wani tela maƙwabcinsu ya ce masa ai ƙadangaru ne ke jawo maciji, su yake bi ya haɗiye. Kawu ya sayo magani ya barbaɗa a gindin katanga. Inna ce ta share gawarwakin da safe, har da ta mai jan kan. Sai ranar da ya ɗauko gatari ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Malam, gwaibar ma?"

"A gindinta aka sari yarinyar nan."

"To ka bar mini lemun. Ba ya tara ganye a ƙasa."

"In an bar ɗaya, an bar duka."

Ta juya ta koma kicin. Kafin damina ta fita ya kira magina sun shafe filin da siminti daga katanga zuwa katanga.

Ba a sake ganin maciji a gidan ba. Amma da rana simintin ya riƙa ɗaukar zafi yana hurowa cikin ɗakuna, ko shanya za ka yi sai da takalmi. Jikokin da ya yi abin dominsu suka daina fita bayan gida, sai su taru a gaban talabijin. Inna ta mayar da kujerarta falo kusa da taga. Ta ci gaba da girki, ta ci gaba da gaishe shi yadda ta saba, tsokanar ce dai ta ragu har ta ɗauke. Kawu ya ɗauka tsufa ne.

Bayan wasu shekaru ciwon zuciya ya kama ta, ba ta daɗe tana jinya ba ta rasu. Da aka gama zaman makoki mahaifiyata ta je duba shi, ta same shi a tsakiyar filin da guduma da kurfi, ƙarfen nan na fasa dutse, gumi ya jiƙe masa riga.

"Yaya, me kake yi haka?"

"Fasawa nake."

Maginan sun yi aiki mai kyau, abin da ya jawo masa wahala ke nan. Ya yi makonni yana dukan simintin, abin da ya buɗe bai wuce faɗin tabarma ba, ƙarƙashi kuma duk ɓaraguzan bulo ne da suka zuba. Ciwon bayan ya sake tashi, likita ya hana shi ɗaga komai mai nauyi.

Daga ƙarshe 'ya'yansa suka lallashe shi ya koma wurin babbar 'yar, a wani gidan bene, aka sa haya a nasa. Can na je gaishe shi bara. Ya rame, amma hankalinsa ƙalau. Muna cikin hira, ba tare da na tambaye shi ba, ya ce, "Ka san Innarku ba ta taɓa ɗaga mini murya ba? Da ta yi mini faɗa ranar nan, da na ajiye gatarin." Can ya girgiza kai. "Kai, ƙarya nake. Ba zan ajiye ba."

Jikar tasa da macijin ya sara, wadda yanzu take jami'a, ta shigo da shayi ta ajiye mana, ta tambaye shi ko ya sha maganinsa. Ya ce ya sha. Ta duba kwalbar, ta ce bai sha ba, ta tsaya a kansa har ya haɗiye.