Gangaren Rufin Masallacin Yana

Shekara talatin da biyu Malam Bubayero yana ɗora rufin kwano a Azare, bai taɓa riƙe biro don lissafin gangare ba. Yakan kalli gini, ya kanne ido ɗaya, ya ja layi a kan katako, shi ke nan. Mutum ne mai taurin kai, kuma gaskiya yana da hujja, don rufinsa ba ya yoyo.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Labari kuwa ba ya kwana a bakin kasuwa. Da aka zo aikin masallacin wata unguwa a garin Yana, Alhaji Jumare, shugaban kwamitin ginin, ya ce masa a gaban jama'a, "Malam, ko mu nemi wani? Katakon nan sau ɗaya za a yanka shi." Maganar ta ƙona masa rai. Ya san in ya ɓata wannan aikin, babu wanda zai ƙara kiransa.

Babbar 'yarsa Lauratu, mai koyar da kwamfuta a wata sakandare, ta ga ya kasa cin tuwo. Ta zauna ta rubuta ɗan shirin lissafi a kwamfutarta. A ciki akwai umarnin da ake kira atan: ka raba tsayi da faɗi ka ba shi, shi kuma ya fito maka da kusurwar gangaren rufin.

"Baba, faɗin ginin nawa ne?"

"Ƙafa ashirin da huɗu. Tsororuwa kuma ƙafa shida."

Na'ura ta ce digiri sha huɗu. Lauratu ta auna, ta zana a kan katako, ta yanka ƙaramin samfuri ta miƙa masa. Malam ya bi bakin yankan da babban yatsa, ya yi tsaki.

"Wannan ko rumfar awaki ba zan yi da shi ba. Ruwa zai kwanta a kai."

"Baba, lissafi ba ya ƙarya."

"To ke kika yi masa ƙaryar. Katako ɗaya ne zai haye ginin gaba ɗaya? Ai a tsakiya suke haɗuwa, ɗaya daga nan, ɗaya daga can."

Lauratu ta dafe goshi. Kafinta in ya ce faɗi, bango zuwa bango yake nufi, rabin kuwa a kansa yake cirewa, ba ya faɗa wa kowa. Ta ƙara layi guda a shirin, ya riƙa raba faɗin biyu. Yanzu sai ya ce ashirin da shida da rabi. Ta sake yanka. Malam ya shafa, ya daɗe yana shafawa, sannan ya ce, "Yauwa."

Ranar ɗora rufi, ma'aikata suka ɗaga katakai biyu na farko, suka haɗu a tsororuwa ko allura ba za ta shiga tsakani ba. Malam bai gani sosai ba, amma ya ji kabbarar mutane, ƙirjinsa ya cika da farin ciki.

Alhaji Jumare ya matso, kunya ta kama shi. "Malam, wane injiniya ya yi muku lissafin nan?"

"'Yata ce, Lauratu," in ji shi, yana gyara hula. "Kuma ni na duba mata aikin. Akwai wani masallacin ne?"