Duwatsun Malam a Faifai

Maigidana ya yi shekaru yana jan tirela zuwa Sakkwato, kuma duk dawowa sai ya zo min da tsarabar da ba ta ciwuwa: duwatsu. Wasu kamar katantanwa, wasu kamar kumba, wasu ƙulu-ƙulu da zanen tauraro a bayansu. A inda ake fasa dutsen siminti yake tsinto su. Wai halittun teku ne da suka zama dutse tun kafin a yi mutum. Na ce teku a Sakkwato, inda rana ke gasa mutum? Sai da na shiga makarantar manya, da furfurata, na ga irinsu a littafi. Ban gaya masa ba, kada kansa ya ƙara girma.

Da ya ajiye tuƙi, kullum da hantsi sai ya shimfiɗa buzu a zaure, ya jera su a faifai, yana jujjuya su yana magana shi kaɗai. Duk wanda ya leƙo, abin da zai gani ke nan. Kafin mu farga, unguwa ta ɗauka Malam duba yake yi.

Lokacin autanmu na neman aure a Gyallesu. Dangin yarinyar suka yi bincike, suka ji wannan magana, suka dakatar da sa rana. Yaro ya daina cin abinci. Na ce wa Malam ko ya kwashe tarkacen nan ko in zuba su a kwata. Ya ce in haɗa da shi.

Na yafa mayafi na tafi Gyallesu, na taho da gwaggon yarinyar, wadda ta fi kowa kafewa. Na zaunar da ita a zaure na ce, "Malam, ga baƙuwa, yi mata bayani."

Ya bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya: wannan cikin laka take rayuwa, wannan ƙaya gare ta ta zube. Kunun da na kawo ya huce. Gwaggon ta yi hamma, ta yunƙura za ta tashi, ya ce saura na cikin kwali. Kiran azahar ne ya cece ta.

A ƙofar gida ta riƙe hannuna. "Hajiya, wannan ba boka ba ne. Boka ai yakan tambayi abin da ke damun mutum. Shi ko gaisuwata bai gama amsawa ba. Haka kike fama?"

Na ce tun ina amarya.

"Allah ya ba ki lada. Ku turo a sa rana. Amma ɗan naku, shi ma yana tsintar dutse?"

Na ce shi ƙwallo yake kallo. Ta ce da sauƙi.