Barka da Arzikin Kawu Bukar

Duk wanda ya san Kawu Bukar Mai Kanwa, kafin ya tuna fuskarsa sai ya fara tuna ƙararrawar kekensa. Tun daga ƙofar gidansa a Gafasa yake soma kaɗa ta, ko da babu kowa a layin sai kaji. Yana kaɗa wa akuya, yana kaɗa wa jaki, har tirela yana kaɗa wa, wadda direbanta ko ganga aka buga masa ba zai ji ba. In zai sha kwana sai ya miƙa hannu sambal ya yi sigina, ko da kwanar ta shiga zauren gidansa ce. Na taɓa tambayarsa wa yake yi wa sigina alhali babu kowa a bayansa. Ya ce ai ranar da za a samu wani a bayan nasa, ba za a aiko masa da sanarwa ba.

Ni Habibu ɗan ƙanwarsa ne, ɗinki nake yi a Ajingi, kuma shekara da shekaru tare muke fita ranar kasuwa, shi a gaba da buhun kanwa ɗaure a kariya, ni a baya kan nawa keken. Saboda haka abin da zan faɗa muku ba ji na yi ba, gani na yi. Kun dai san titinmu. Ɗan acaɓa zai taho da buhu uku da mutum biyu, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Mai ƙaramar mota zai banko ƙofa bai ko kalli madubi ba. Mai keke kuwa a wurinsu ba mutum ba ne, wani abu ne da ya tare hanya. In aka tura mu cikin ciyawa, ni zagi nake yi, ba na ɓoyewa. Kawu ba ya zagi. Sai ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa, ya kaɗa ƙararrawa, ya bi motar da magana ɗaya tak: "Ni ma ina da iyali!"

Wadda abin ya fi ci wa rai ita ce Ummata, Falmata. Su biyu suka rage a ɗakinsu, ita da shi, kuma a lokacin ya haura saba'in. Duk ranar kasuwa abinci ba ya wuce mata wuya sai ta ji ƙararrawa ta shigo layi. Ta zaunar da ni ta ɗora min aiki, ta ce in san yadda zan raba yayanta da keken nan kafin wata rana a kawo mata shi naɗe a tabarma. Na ce to, ina ganin abu ne mai sauƙi. Ban san da wa nake yi ba.

Abin da ya fitar da sunansa har Gaya shi ne barka da arziki. Kowa ya sani, in mutum ya kuɓuta daga haɗari, shi ake bi har gida a yi wa barka. Kawu sai ya juya al'adar. In ka kusa kaɗe shi, shi ne zai tako har gidanku ya yi wa iyayenka barka. Wanda na fara gani da idona wani ɗan acaɓa ne da ya jefa shi cikin kwalbati, kanwa ta watse ko'ina. Kawu ya fito ya kakkaɓe riga, ya yi ta tambaya har ya gano yaron ɗan garin Balan ne. Muka taka keke har can. Uban, wani dattijo mai fara'a, ya shimfiɗa mana tabarma. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi gona, aka taɓa zancen ruwan bana. Sannan Kawu ya gyara zama.

"Malam, barka da arziki na zo yi maka."

Dattijon ya ce madalla, amma arzikin me?

"Shekaranjiya saura ƙiris ɗanka ya yi kisan kai, Allah ya tsare. Ni ne wanda bai kashe ɗin ba."

Bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa. Ya sa aka kirawo yaron, ya shiga neman sanda, Kawu ya hana. Aka kawo tuwo, Kawu ya ci ya suɗe hannu, ya kora da fura. A hanyar dawowa na ce masa ashe mutum zai je ya kunyata mai gida kuma ya cinye masa tuwo? Ya ce ai rangwame ya yi musu. Da ya mutu, 'yan sanda za su yi ta ciyarwa, shi kuwa malmala biyu ta ishe shi.

Ba masu inji kaɗai yake bi ba. Akwai Malam Ado, manomin da ke shanya gyaɗa a gefen kwalta, ya jera manyan duwatsu don kada mota ta taka masa. In ya kwashe gyaɗarsa sai ya bar duwatsun nan ya yi tafiyarsa. Wata safiya tayar Kawu ta gaba ta yi karo da ɗaya, ta lanƙwashe. Kawu ya kai keken wurin mai gyara. Ya ari kekena, kullum in zai dawo sai ya ɗauro dutse ɗaya a kariya ya sauke a ƙofar zauren Malam Ado, har ta kai mutumin da ƙyar yake fitar da jakinsa. Ranar da ya fito yana kumfar baki, Kawu ya ce masa kayansa ya tsinta a titi, kuma shi tun yana ƙarami aka koya masa mayar da tsintuwa ga mai ita.

Shanu ne kawai ba ya yi wa faɗa. Mu asalinmu Barebari ne, to kun san tsakaninmu da Fulani. In garke ya tare hanya sai ya sauka ya jira, yana tsokanar makiyayin cewa shanun nan sun fi mai su hankali, sun kuma fi direbobin tasha, domin shi bai taɓa ganin saniya tana tafiya tana amsa waya ba.

Lanƙwashewar tayar nan ce ta sa Umma ta ce ya isa haka. Da na karɓo keken daga wurin mai gyara, ta sa na wuce da shi ɗakinta, ta datse da kwaɗo, ta aika wa yayanta cewa daga yau a mota zai riƙa zuwa kasuwa. Abin mamaki, Kawu bai yi musu ba. Ya ce a dai ba shi ƙararrawarsa, ita ba ta yi laifin komai ba. Umma ta ji daɗi, ta ce in kwance in kai masa, ashe tsufa ya fara saukar masa da kai.

Ranar kasuwa sai ga Kawu a gefen kwalta a ƙafa, ƙullin kanwa a ka, ƙararrawa a hannu, yana tafe yana kaɗawa. Da ya iso kwanar shiga kasuwar Ajingi ya miƙa hannu ya yi sigina. Kafin azahar labari ya koma Gafasa cewa Bukar Mai Kanwa ya taɓu, kuma ƙanwarsa ce sila. Mata suka fara shigowa yi wa Umma jaje. Kafin la'asar ta wurgo min makulli ta ce in fitar mata da wannan ƙarfen daga ɗaki. Muna ta dariya a tsakar gida, ita kuwa ta shige ciki ta yi kukanta, don tsoron da take ji ba na wasa ba ne.

Ba a jima ba abin da take gudu ya kusa faruwa. Akwai wani direban bas, Tanimu, da ke jigila daga Ajingi zuwa Kano ta Gaya, wanda kowa ya sani da gudu. A wata kwana kafin a shiga gari ya zo wuce tifa, ya hango wata mota ta taho, sai ya karkato kanmu. Ni na faɗa gona. Kawu kuwa madubi ya daki gwiwar hannunsa, ya kifa. Na ga hularsa tana gangarawa a kan kwalta, wallahi na ɗauka shi ke nan, har na fara tunanin da wane baki zan gaya wa Umma. Ina isa na tarar da shi yana lalubar ƙararrawa da hannun da bai karye ba. Tanimu ko tsayawa bai yi ba.

Mai ɗori ya yi aikinsa. Da Kawu ya ɗan ji dama ya ce in raka shi gidan Tanimu. A nan dabararsa ta ci tura, domin iyayen mutumin sun daɗe da rasuwa, babu wanda za a yi wa barka. Shi da kansa ya fito yana sakace, ya dube mu sama da ƙasa.

"Baba, kwalta ta mota ce. Mai keke ya bi ta gona."

Na yunƙura, Kawu ya riƙe min riga. Ya yi masa sai an jima cikin ladabi, muka juyo.

Daga nan sai ya koma tasha. Duk ranar kasuwa, lokacin da Tanimu ke lodi, sai ga Kawu hannu rataye a wuya. Ya leƙa taga ya gaida fasinjoji ɗaya bayan ɗaya, ya ce su kwantar da hankalinsu, sun dace da direba.

"Mutumin kirki ne. Hannu ɗaya kawai ya karya min, ya bar min ɗaya."

Sai ka ga tsofaffin mata suna tattara ƙullinsu suna sauka. Tanimu ya kai ƙara wurin shugaban tasha, shugaba ya ce to ai yabonka yake yi, me kake so in ce masa? Da Tanimu ya ga uwar bari, sai ga shi har Gafasa, ya durƙusa ya ce Baba ya faɗi duk abin da yake so. Kawu ya ce ba ya son komai nasa. Keken Kawun kawai Tanimu zai hau ranar kasuwa, daga Gafasa zuwa Ajingi, sau ɗaya, ni Habibu ina biye da shi a matsayin shaida.

Tanimu ya hau yana dariya. Ba mu yi nisa ba wani ɗan acaɓa ya gogi rigarsa, dariya ta ragu. Tifa ta danna masa hon a ƙeya, ya afka cikin ciyawa, ya fito da ƙaya a wando. Can sai ga wata bas daga tasharsu, abokinsa ne ma ke tuƙi, ta wuce dab da shi ta watsa masa ruwan kwata. Ina bayansa na ji ƙararrawa ta kaure ba ƙaƙƙautawa, sannan na ji ƙaton direban nan ya buɗe murya: "Kai! Ni ma ina da iyali!" Bai ma san ya faɗa ba. Ni dariya ta kusa kayar da ni.

Muka tarar da Kawu a rumfarsa, ya riga mu isa a amalanken wani maƙwabci. Tanimu ya jingine keken, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Baba, ashe haka muke?"

Kawu ya miƙa masa moɗar ruwa, ya jira ya sha, sannan ya ce, "Barka da arziki."

Ba zan ce muku titinmu ya gyaru ba, ƙarya zan yi. Amma tun daga ranar, in Tanimu ya hango mai keke sai ya sassauta, ya ba shi fili, ya ɗan taɓa hon a hankali. In Kawu ne, ya amsa masa da ƙararrawa. Har ta kai a tashar Ajingi in direba ya hango kowane mai keke, ko yaro ne ɗan makaranta, sai ka ji fasinja ya ce a ba Kawu hanya.

Kawu ya rasu bara da damina, a ɗakinsa, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki, Umma na zaune a gefensa. Ta ce har a lokacin bai bar tsokana ba, ya ce mata ga shi dai kwalta ba ta ci shi ba, ta yi ta ɓata hawayenta a banza. Ranar jana'iza bas-bas da babura suka cika layinmu, Tanimu na cikin waɗanda suka ɗauki makara. Bayan an share makoki, Umma da kanta ta turo min keken, wannan ƙarfen da ta taɓa datse wa kwaɗo. Ta ce in riƙa kaɗa ƙararrawar ko babu kowa. Yanzu ni take jira ranar kasuwa.

A watan jiya wani matashi a kan babur ya yanko ni a wannan kwanar dai, na faɗa ciyawa na kurje gwiwa. Na zage shi son raina, na dawo gida na ɓoye wa Umma. Bayan la'asar aka yi sallama. Ina fita na ga Tanimu riƙe da hannun yaron, ashe babban ɗansa ne da ya fara acaɓa. Ya durƙusar da shi a gabana.

"Malam Habibu, Kawu ba ya nan balle ya tako gidana. Shi ya sa na kawo kaina a yi min barka."

Ashe Umma na bayan ƙofa tana ji. Na ji ta tana dariya tana jan hanci, sai can ta aiko da kwano rufe da faifai. Muka buɗe, tuwo ne malmala biyu.

Allah ya jiƙan Kawu Bukar, ya yafe masa, ya shimfiɗa masa hanya mai faɗi wadda babu mai tura shi gefe. Mu da muka rage a kan titi, na keke da na babur da na mota, Allah ya mayar da kowa wurin iyalinsa lafiya. Amin.